Hanyar Yaya Hali

Bana ma marka ta zo da nauyi. Tun da watan nan ya kama rana ba ta fito ta yini ba, tufafi sun ƙi bushewa, itace ya ƙi kama wuta, gwiwoyina kuma suna ta ba ni labarin da ban tambaye su ba. Shekaranjiya ina zaune a zaure sai ga wasu samari daga ƙaramar hukuma, sun bar babur a tsallaken fadama sun ƙetaro a jirgi da wando a naɗe. Wai sun zo ganin inda ruwa yake tsayawa, don da rani za a yi mana hanya. Matasan gari sai murna suke yi. Ni dai na yi musu fatan alheri na koma kan tabarmata. Na taɓa ganin an yi hanyar nan, da kaina na ɗauki ƙasarta, kuma tunaninta kawai gajiya yake saukar mini.

Tungarmu tana bayan Kaoje, mun fi kusa da iyakar Benin a kan Bagudo. A kan tudu muke, amma tsakaninmu da babbar hanya akwai fadama, kuma a fadamar nan abincinmu yake. Ruwan da ya sauka a duwatsun ƙetare ta cikinta yake bi ya gangara gulbi, a hanyarsa ya shayar mana da shinkafa. Da damina sai ka tuɓe riga ka ɗora a ka kafin ka fita gari. Da kaka kuwa duk buhun da za a sayar sai wuyan mutum ko bayan jaki ya kai shi inda mota take tsayawa. Wanda ya gaji sai ya juya ya kai tasa kasuwannin ƙetare, inda masu saye sun san ba mu da wata mafita, suna taya mana kaya suna hamma.

Yayana Halidu, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne ya ɗauki maganar hanya ya sa a ransa. Yaya Hali muke ce masa. Dogo ne, marar yawan dariya, wuyansa ya ƙage tun yana saurayi saboda dako, in zai dube ka sai ya juyo da jikinsa gaba ɗaya. Ba a taɓa zaɓensa komai ba, amma gari duk Kansila ake kiransa don tsokana, saboda yawan zaryarsa sakatariyar ƙaramar hukuma a Bagudo. Ya je a keke, ya je a kabu-kabu, ya je a ƙasa. Har masu sayar da goro a bakin ƙofar wurin sun san shi, in sun hango shi sai su ce ga mai hanya nan.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, farar hula ba su daɗe da karɓar mulki ba, abin ya faɗo kanmu. Lokaci ne da kowa yake ganin komai zai gyaru a tashi ɗaya. An daidaita mudu a kasuwa, masu gidan giya na bakin iyaka sun kwashe sun koma tsallake, kalangu ya yi shiru a gidajen biki. A cikin wannan zumuɗi Yaya Hali ya dawo wata rana da fara'ar da ban taɓa gani a fuskarsa ba. An amince. Ƙaramar hukuma za ta ba da gireda, da tifa mai kawo marmara, da kwalbati guda da magininsa. Sai dai ƙasar fadama ba ta ɗaukar tifa, a baki za a riƙa zubewa. Shigar da ita ciki namu ne.

Da bazara muka fara, lokacin da fadama ta bushe ta tsattsage. Ana idar da sallar asuba kowa ya ɗauki kwandonsa da gammonsa. Masu diga da shebur suna lodi, mu muna jigila, dattawa suna daɓe da guntayen itace, tsofaffin mata suna yayyafa ruwa. Kafin hantsi marmara ta ɗau zafi, kana jin ta ta cikin gammo har tsakiyar kai. Jar ƙasa ta shiga ido, ta shiga haƙori, in ka yi kaki ja ne. Gashin tsakiyar kaina a aikin nan ya tafi, kuma bai ga dalilin dawowa ba. Da azahar mu faɗa gindin wata ƙirya, a kawo fura da kunu daga gidaje, Fulanin rugar yamma su kawo nono. Masunta na unguwar bakin ruwa ma ba su zauna ba, Sarkin Ruwa Audu da kansa ya riƙa zuwa da mutanensa, ga shi da tsufa, yana ɗaukar rabin kwando yana mita.

Gayya ba ta tafiya da yunwa, wannan kowa ya sani. Gero da dawar da muka tanada don damina, su muka riƙa ɗiba muna ciyar da aikin. Matata Hajo ta leƙa rumbu wata safiya ta ce, "Malam, wanga aiki hatsi shika ci, ba ƙasa ba." Na ce ta yi haƙuri, in shinkafa ta yi, mota har ƙofar gida za ta zo. Haka kowane magidanci ya gaya wa matarsa. Gari duk muka jingina da shinkafar shekarar nan.

Ma'aikacin da aka turo mana, muna ce masa Injiniya, mutumin kirki ne, yana cin abin da muka ci. Ranar da aka gama kwalbati a tsakiyar fadama ya tara mu a kansa, ya nuna ramin ya ce, "Duk ruwan da kuka sani yana ratsa fadamar nan, yanzu ta nan kaɗai zai bi. Ku bar masa hanya, kada a toshe." Muka ce mun ji. Wa zai toshe abin da ya sha wuya a kansa?

Ruwan farko ya sauka, hanya ta kwanta ta yi jawur, ta miƙe daga gari har tsallake. Masu babura da jarkokin mai suka gano ta, suka riƙa wucewa iyaka suna mana hon. Yaya Hali kuwa ya zama mai gadinta ba wanda ya naɗa shi. Kullum da safe sai ya taka ta daga farko har ƙarshe da fartanya a kafaɗa, yana cike inda ruwa ya ɗan zaizaye. Ya yi faɗa da makiyaya a kan kofaton shanu, ya yi faɗa da mai amalanke. Muna ce masa, "Kansila, a shimfiɗa maka tabarma can ka kwana mana." Sai ka ga yana jin daɗi.

Muka yi shuka, shinkafa ta fito kore shar a gefen sama na hanya, inda gonakin gari suke. Sai kifi ya fara hawowa. Duk shekara in ruwa ya haɗe, kifin gulbi yakan hau fadama ya yi ƙwai, a da ta ko'ina yake shiga. A shekarar nan ƙofa ɗaya ya samu. In ka tsaya a kan kwalbati sai ka ga ruwa yana baƙi da tarwaɗa, suna turereniya.

To a wurinmu akwai al'ada tun kakanni. Ƙasa ta manomi ce, amma duk inda ruwa ya matse ya bi ta maƙogwaro ɗaya, wannan wurin na Sarkin Ruwa ne. Shi yake da ikon kafa shinge a ciki ya jera gura, wato tarkon kifi da ake saƙawa, kuma shi yake raba abin da aka samu. Ba manomin da ya taɓa ja da wannan, kamar yadda ba masuncin da ya taɓa jefa taru a gonar wani. Saboda haka da Sarkin Ruwa Audu ya zo ƙofar mai gari ya ce zai kafa shinge a bakin kwalbati, ba roƙo ya zo yi ba, sanarwa ce.

Yaya Hali ya ce, "Sarki, Injiniya ya ce kada a toshe."

Sarkin Ruwa ya ce, "Wa yac ce toshewa za ni yi? Hali, tun ba a haihe ka ba nika kahwa shinge. Ruwa shi wuce, kihi shi tsaya. Ka taɓa ganin shingen da yat tare ruwa?"

"Ban taɓa ba."

"To. Kuma ƙasag ga, mu ma mun ɗauke ta ga kai. Ko ba ka gan ni ba?"

Gaskiya ya faɗa. Shingensa na karare ne da igiya, ruwa yana bi ta cikinsa salin-alin, mun sha gani a rafuffuka. Abin da ba mu taɓa gani ba shi ne fadama guda tana bi ta rami ɗaya. Yaya Hali ya juya jikinsa ya dubi mai gari, mai gari ya dubi ƙasa, aka tashi a haka.

Ban taɓa cin kifi irin na makonnin nan ba. Rumbuna sun yi ƙasa, tuwo ya koma sau ɗaya a yini, wani gidan ma sai tafasa da rama, amma kifi har ƙyale shi ake yi. Sarkin Ruwa bai yi rowa ba, kowane gida ana kai masa. Gari ya cika da hayaƙin banda, ƙarni ya kama tufafi da tabarmi, kuliyoyi suka yi ƙiba. Hajo takan ajiye mini kwano ta ce, "Ga miya nan, tuwon sai ka tuna da shi." Muna dariya muna sa wa kwalbati albarka. Har Yaya Hali ya saki jiki, ya ce ashe hanya tun ba ta kawo mota ba ta fara ciyar da mu.

Sannan marka ta sauka, irin ta bana. Ruwa ba mai tsawa ba, mai zuba a hankali yini da kwana, sama ta yi fari fat. Katangu suka fara zubewa. Can ƙetare ma haka ake yi, kuma duk abin da ya sauka a can wurinmu ya nufo, ɗauke da kainuwa da ciyawa da karan gonakin mutane. Kainuwa ta taru a jikin shinge, ciyawa ta bi bayanta, laka ta liƙe su. Kafin masunta su ankara nauyin ruwa ya karya shingen ya cusa shi cikin ramin, da gura da komai. Aka wayi gari gefen ƙasa na hanya ruwa iya gwiwa, gefen sama kuwa ya zama tafki.

Irin shinkafar da muke shukawa a lokacin tana bin ruwa, in yana hawa a hankali tana miƙewa tare da shi. In ya yi mata sauri sai ya shanye ta, kuma ba ta daɗewa a ƙasan ruwa take ruɓewa. Da safe muka ga kan ganye yana leƙowa. Da la'asar babu ko ɗaya. Na tsaya a kan hanya ina neman inda gonata take, ban gane ta ba sai da wata giginya da ke kan iyaka. Na san abin da ya rage a rumbu, na kuma san bakunan da ke gidana.

Masunta sun yi iya yinsu, ba zan ci haƙƙinsu ba. Sun zo da jirage da gora da ƙugiya, suka yi ta zungura, abin ko motsi. Sarkin Ruwa ya hana samarinsa nutso, ya ce in ramin ya buɗe da mutum a bakinsa, sai dai a tsince shi a gulbi. Shi da kansa ya ɗaura igiya a ƙugu ya shiga, tsoho da shi. Da aka jawo shi jini yana fita ta hancinsa. Ya zauna a gefen hanya yana haki, ya ce, "Ya ƙi. Laka ta kama shi har ciki."

Yaya Hali ya hau babur ya tafi Bagudo. Ya tarar ba mu kaɗai ba ne, garuruwan bakin gulbi duk suna cikin ruwa, Injiniya yana can wani wuri da gada ta karye, gireda ma tana tsallaken ruwa. Aka ce ya yi haƙuri, da zarar an samu sarari za a zo. Ya dawo jiƙe sharkaf. Shinkafa kuwa ba ta san haƙuri ba.

Bayan azahar aka tsaya a rumfar masallaci, ruwa yana ɗiga ta jinka. Kowa ya san maganin, ba mai son ya fara faɗa. A yanke hanya, ruwa ya wuce. Wani ya ce kayan gwamnati ne, kuma yanzu zamanin shari'a ne, wanda ya yi ɓarna gaban alƙali zai tsaya. Wani ya ɓoye hannunsa cikin riga, aka yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. Aka tambayi Liman. Ya ce shi dai a iya karatunsa bai ga inda aka ce a bar abincin gari ya nutse don a tsare turba ba, amma ba shi zai ce a sara ba, ba shi ya roƙo ta ba. Sai idanu suka koma kan Yaya Hali. Ya tashi ya sa takalmansa ya fita.

Na bi shi gida. Na same shi zaune a zaure, yana kallon ruwan da ke zuba daga indararo.

Na ce, "Yaya, yau in ba a yanke ba, gobe ba sauran abin ceto."

Ya ce, "Na sani."

"To mi kaka jira?"

"Manu, in munka yanke ta, ba a sake yi muna. Garuruwa nawa ka jira? Mu an ba mu, mun sa hannu mun ɓata. Da wane ido za ni koma can?"

Na ce, "Ni ban san wannan ba. Abin da nis sani, hatsin gidana ba shi kai mu sabon wata. Naka ma haka."

Raina ya ɓaci da shi a lokacin, ba zan ɓoye ba. Na ga kamar ya fi son jar ƙasa a kan 'ya'yanmu. Sai daga baya na gane ba shawara yake yi ba, ya riga ya yanke tun a masallaci, ƙarfin tashi yake nema. Ya daɗe zaune. Sannan ya miƙa hannu bayan ƙofa ya ɗauko diga.

Gari duk ya biyo mu. Ya wuce kwalbati kaɗan, ya tsaya inda ruwa ya fi matsowa, ya yi bisimilla ya sara. Marmarar da muka daɓe da hannunmu ta yi tauri, diga tana tashi da ƙyar. Sai da ya yi sara da yawa shi kaɗai kafin na shiga, sannan saura suka shigo, masunta ma suka karɓi shebur. Mun yi niyyar ɗan siririn lambatu ne. Da ruwa ya samu kafa sai ya karɓi aikin daga hannunmu, ya riƙa yankar gefe da gefe yana kwashewa, muna ja da baya. Kafin magariba ya buɗe wawakeken rami, ya tone gindin kwalbatin ma ya kwantar da shi. Ruwan da ya gangara ja ne, kuma mun tsaya muna kallon wahalar bazara guda tana tafiya gulbi.

Shinkafa ta fito, amma ba duka ba. Gonakin kwari sun ruɓe, wari ya tashi har cikin gari. Na gefen tudu suka farfaɗo, ganye ya yi rawaya sannan ya sake kore. Tawa rabi ta tsira, ta Yaya Hali ko rabin ba ta kai ba. Kifi ya ɗauke tun da ƙofa ta yi faɗi. Watannin da suka biyo baya sun yi mana tsawo. Mun tsallaka ƙetare neman masara da garin rogo, mun sayar da awaki, Hajo ta iya dafa ganyen da ban san ana ci ba. Yara suka daina wasa da yamma, suna zaune jikin bango. Ba a kai kowa gaban alƙali ba. Da ruwa ya ja Injiniya ya zo, ya tsaya a bakin ramin ya daɗe, ya ce Allah ya kyauta, ya ce zai kai maganar. Ban ga laifinsu ba da ba a dawo ba, shekarar nan ɓarnar ruwa ta fi ƙarfin kowa, kuma masu jira suna da yawa.

Yanzu abubuwa sun sauya. Ana noman rani da injin ban ruwa, irin shinkafar ma ba wancan ba ne, mai saye yana kiranka a waya tun kana gona. Ramin dai yana nan, da rani a zagaye shi, da damina a shiga jirgi. Samarin da suka zo shekaranjiya sun ce kwalbati uku za a sa, manya. Ɗan Sarkin Ruwa Audu ne yake riƙe da sarautar yanzu, al'adar kuma ba wanda ya soke ta, don haka akwai zaman da za a yi a ƙofar mai gari, ban kuwa san yadda zai ƙare ba. Yaya Hali ba zai halarta ba, ya rasu shekarun baya, Allah ya jiƙansa. Tun daga ranar da ya sari hanyar bai sake taka sakatariya ba, mu ma muka daina ce masa Kansila.

Girbin shekarar da muka yanke hanyar a cikin azumi ya faɗo. Muna yanka da lauje ƙafa cikin laka, mu yi sussuka da rana tsaka, maƙogwaro ya bushe har magana tana wuya. Abin da aka samu aka ware na ci, aka ware zakka ga wanda tasa ta kai, ɗan saura aka ɗura a buhu. Sai labari ya zo wai ga a-kori-kura ta biyo sabuwar hanya neman shinkafa. Ita ce motar farko da ta taɓa nufo garinmu. Ta zo har bakin ramin ta tsaya daga can.

Muka naɗa gammo muka ɗauka. Ka gangara ramin da buhu a ka, ka ratsa laka, ka hau ɗaya gefen da gwiwa, ga ƙishirwar la'asar. Ina bayan Yaya Hali, ina ganin jijiyoyin wuyansa sun miƙe, ƙafafunsa suna rawa a hawan. Direban baƙo ne, yana tsaye a inuwar motarsa yana duban ramin yana girgiza kai.

Ya ce, "Hanya mai kyau haka. Wane marar hankali yay yanke ta?"

Yaya Hali ya ƙarasa gindin motar, ya juyo da jikinsa gaba ɗaya da buhun a kansa, ya dube shi.

Ya ce, "Ni niy yi ta, ni niy yanke ta. Kama min in sabke."